Yadda Ake Cin Jarrabawar Faransanci Ba da Taimakon Ɗan Fari Ba

Ke 'yar'uwa, ajiye ƙamus ɗin nan ki matso kusa. Na ga idonki ya faɗa, na ji kina magana ke kaɗai a bakin tukunya, na san jarrabawar baka ta Faransanci ce ta tasa ki a gaba. Kwantar da hankalinki, kin faɗo hannu nagari. Ni ce Hajiya Kulu ta unguwar Longsight a birnin Manchester, kuma duk wadda ta bi matakan nan nawa sau da ƙafa, na yi mata alkawari sai ta ci, ko da kuwa Faransancinta bai wuce wanda ke rubuce a jikin kwalbar turare ba.

Kada ki tambaye ni ko na iya yaren. Ban iya ba, kuma ban ga abin da ya kawo wannan magana ba. Ungozoma ba sai tana da ciki take karɓar haihuwa ba. Tunda na fara sana'ar nan ɗaliba ɗaya na yaye, ƙanwata Saudatu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da ita zan riƙa kawo miki misali. Yadda ta ƙare za ki ji, kada ki yi mini gaggawa.

Mataki na Ɗaya: Ki ɗaga hannu tun kafin ki yi tunani

Tunani shi ne babban maƙiyin ɗalibi. Wadda ta tsaya tunani ba za ta taɓa shiga jarrabawa ba, wadda ba ta shiga ba kuwa ta yaya za ta ci?

Dubi Saudatu. Aikinta zama a teburin karɓar baƙi a cibiyar yara ta unguwarmu. Sai ga shekarun nan na tsuke bakin aljihu, yau ki ji an rufe laburare, gobe ki ji an rufe wurin wasan yara. Rannan manajarsu, wata Baturiya mai suna Rebecca, ta tara su ta ce za a haɗe cibiya biyu ta zama ɗaya, tebur ɗaya zai rage, kujera ɗaya. Kuma tunda iyalai 'yan Kwango da Gini sun yi yawa a unguwar, wadda ta iya Faransanci ita za ta zauna a kujerar. Ta tambaya ko akwai.

Da yamma Saudatu ta faɗo mini gida ko sallamar kirki babu.

"Yaya, wallahi ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. I just saw it up there."

"To kin iya ɗin?"

"Wanda muka yi a aji biyu a Katsina. Kin tuna malamin nan ɗan Togo da ya gudu kafin ƙarshen zango?"

Na tuna shi sarai. Rebecca kuwa ta ce madalla, sai dai baki ba ya zama shaida, ta je ta yi jarrabawar baka ta kawo sakamako kafin a yanke hukunci. Tun rasuwar mijinta Maharazu, kujerar nan ce ke riƙe da gidan Saudatu, haya da wuta da tukunya. In ta faɗi, kujera ta tafi. Na dube ta na ce, "Kin yi daidai."

Mataki na Biyu: Ki gano wanda ya iya a gidanku, sannan ki kauce masa

Kowane gida akwai wanda ya iya. A gidan Saudatu, ɗanta Ja'afaru ne. Faransanci yake karantawa a jami'a, yana zaune a unguwar Fallowfield tare da wasu samari da ba su san ana wanke kwano ba. In ya saki baki sai ki rantse a can aka yanke masa cibiya.

Za ki ce abin nema ya samu. To ba ki san Saudatu ba. Ja'afaru ɗan fari ne, ita kuwa kunyar ɗan fari ta kwaso ta daga Katsina cikin akwati, ko ƙwarzane ba ta yi a hanya ba. Tunda ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Yaron nan" ne, ko "wancan", in ranta ya ɓaci kuma "mutumin naki". A wurin GP, wato likitan unguwa, in aka tambayi sunansa, katinsa take miƙawa ta kalli bango. Ranar da ya ci kyauta a makaranta ni na je na yi guɗa har shugabar makarantar ta zabura, ita tana gida wai tana da guga. In tana da magana da shi ni take bugo wa waya, ni in buga masa, ko da kuwa suna falo ɗaya.

Na gwada ta sau ɗaya. "Saudatu, ga malami a gida, kyauta."

Ta dube ni kamar na ce ta fita ba ɗankwali. "Yaya, in zauna yaron nan ya riƙa gyara mini baki? Yana kallona ina kallonsa? Gara a kore ni."

Ki yi koyi da ita. Ilimin da ke kusa ba shi da albarka, na nesa ake nema.

Mataki na Uku: Ki tafi Birmingham

Dole ne. Ba a cin jarrabawar kirki sai an sha wuyar hanya.

Ni na samo mana malama, Hajiya Sherifatu ta unguwar Balsall Heath a can Birmingham, 'yar Gana, wadda muka haɗu a wani suna. Lissafina ba shi da kuskure: Gana ƙasashen Faransanci ne suka kewaye ta gabas da yamma da arewa, ita kuma ta shekara da shekaru tana fataucin atamfa tsakanin Kumasi da Lome. Mutumin da ya kwana kusa da mai turare ai ko bai saya ba ya tashi da ƙamshi.

Muka hau bas mai arhar nan, muka maƙale a cunkoso har ƙafafuna suka manta da ni. Hajiya Sherifatu ta tarbe mu da runguma da tulin waake, wato shinkafa da wakensu na Gana, da yajin da suke kira shito, ta ce ba karatu sai an ci. Muka ci. Ta ce a ƙara. Muka ƙara. Can da la'asar ta gyara zama ta fuskanci Saudatu. Kada "ka" ɗinta ya dame ki, Hausar Zangon Gana haka take, mace da namiji duk ɗaya ne.

"Ai French ba wuya, ƙanwata. In soja ya tsayar da kai a boda, ka ce pardon chef, ka sa fuskar tausayi. In ya ƙi, ka ƙara pardon."

Saudatu ta ce, "Hajiya, examiner ce fa, ba soja ba."

"Duk ɗaya ne. Mai uniform da mai biro, kowa so yake ka ƙanƙantar da kai."

Kafin magariba Saudatu ta iya roƙon jandarma, ta iya ce wa mai kanti kayansa sun yi tsada, ta kuma iya ihun ɓarawo da ƙarfin da sai da maƙwabcin Hajiya ya leƙo ta taga. Iyakar abin da malamar ta sani ke nan, kuma ta bayar da shi tsakani da Allah. Muka dawo da robar shito da alkawarin addu'a. A bas Saudatu ta juya mini ƙeya har muka shigo gari.

Wasu za su ce an yi asarar rana. Masu hassada ke nan. Da babu gara ba daɗi.

Mataki na Huɗu: Ki horar da hanci

Na saurari mutanen nan da kyau, na gano sirrinsu: ba da baki suke magana ba, da hanci ne. Saboda haka in mura ta kama ki kada ki sha magani, rahama ce ta sauko. In ba ta kama ki ba, ki tsaya a tashar bas ta Oxford Road ba rigar sanyi, ba za a daɗe ba.

Wurin atisaye kuma saman bas ne, kujerar gaba. Ki toshe kunne da waya ki yi ta magana da gilashi. A titin nan ba mai kallonki, rabin fasinjojin ɗalibai ne, su ma kowa da abin da ya haukata shi. Saudatu ta yi haka har sai da wani dattijo ɗan Kwango da ke bayanta ya taɓa kafaɗarta ya amsa mata da fara'a, ya zubo magana kamar an buɗe famfo. Ta ce masa pardon chef, ta sauka tun ba a zo tasharta ba, ta ƙarasa gida a ƙafa cikin ruwa.

Mataki na Biyar: Ki raba fargaba ga jama'a

Yanzu mun zo kan tsoro, wanda shi ne fagena. Likita zai ce ki ja numfashi a hankali ki sake. Numfashi! Tun ranar da aka haife ki kike yinsa, me ya tsinana miki?

Ga nawa tsarin. Da safe zuma da citta, don murya. Da rana kanumfari a ƙarƙashin harshe. Dabino a jaka. Sannan babban magani, wanda ni na ƙirƙiro shi: kaya in sun yi nauyi raba su ake yi. Na shiga zauren matan unguwa na waya na sanar cewa ƙanwata za ta shiga jarrabawa, aikinta na kan siraɗi, kowa ta sa ta a addu'a.

Masha Allah, jama'a sun amsa. Wayar Saudatu ba ta sake hutawa ba. Matar likita ta bugo ta ce ita ma ɗan ƙanwarta ya yi irinta ya faɗi sau biyu, amma kada ta damu. Wata ta aiko da rubutu a gorar lemo. Wata ta ce ta ji an riga an kore ta, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. A masallaci ranar Juma'a har wata tsohuwa ta riƙe hannunta ta yi mata addu'ar sauka lafiya, don ita abin da ta fahimta ke nan.

Saudatu ta same ni a kicin, idonta ja. "Yaya, da ni kaɗai nake tsoro. Yanzu in na faɗi, the whole of Manchester za su sani."

"To kin gani? Yanzu ba ki da damar faɗuwa."

Ta buɗe baki ta rufe. Wannan shi ake kira natsuwa.

Mataki na Shida: Ki wanke tukunya ɗaya har ta yi ƙara

A nan sai ki buɗe kunne, don dabarar ba tawa ba ce, amma tunda a gabana aka yi, ta zama tawa.

Ja'afaru ya ji komai daga bakina. Sai ga shi ranar Asabar a gidan uwarsa da buhun wankinsa, ya zauna a teburin kicin, ya ƙwala wa ƙanwarsa Zinatu kira. Uwar tana bakin famfo ta ba su baya.

"Zinatu, zauna. Zan koya miki French."

"I do Spanish, Ja'afar. Ina ruwana?"

"Zauna dai. Listen, yeah? In examiner ta gaishe ki, ga abin da za ki ce."

Ya faɗa a hankali, da ƙarfi, yana kallon Zinatu. Zinatu tana latsa waya. Can sai muka ji tukunyar da ake wankewa ta maimaita, ƙasa-ƙasa.

Ja'afaru bai juya ba. "A'a Zinatu, ba haka ba. Sake."

"Ban ce komai ba fa!"

Tukunya ta sake. Ya ce, "Yawwa, Zinatu, kin kyauta."

Haka aka yi ta yi duk Asabar. In ya yi sauri, Saudatu ta ce, "Yaya, ki ce wa wancan ya rage gudu, yarinyar ba 'yar uni ba ce." Ni kuma in juya in isar da saƙo ga mutumin da ke zaune kusa da gwiwata. Zinatu ta sha faɗa a kan kurakuran da ba ta yi ba, ta sha yabo a kan ƙoƙarin da ba nata ba, har ta fara neman a biya ta da cakulan. Tukunyar kuwa ta yi ƙyalli irin wanda ko ranar da aka sayo ta ba ta yi ba.

Ki lura, a duk wannan ba a karya al'ada ba. Ba wanda ya koya wa kowa komai.

Mataki na Bakwai: Ki yi gwaji a falo, ki shirya hanyar gudu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki samu wadda za ta zame miki mai jarrabawa. Ni na sa tabarau, na ɗaure fuska, na riƙe biro, ina yi mata tambayoyi da Hausa amma ta hanci.

Abubuwan da za ki kiyaye ga su. Kada ki durƙusa. Kada ki tambayi mai jarrabawar ya gida, ya yara, ya sanyi, ya gajiyar jiya, lokacinki zai ƙare kuna gaisuwa. Ki kalle ta cikin ido, ko da kuwa ta girme ki. Saudatu ta ce wannan rashin tarbiyya ne, na ce ta kalli tsakanin girarta, Allah Ya ga zuciya.

Sai muka zo kan ramin da ke hanya. Ja'afaru ya riga ya gaya wa Zinatu cewa masu jarrabawar nan ba abin da suke so irin a ba su labarin iyali.

Na ce, "Mai sauƙi ne. Ki fara ƙirga daga Zinatu."

"In cire shi, Yaya? In ce ban haife shi ba?"

"To ki sa masa wani suna. Wa zai bincika?"

"Sunan da ubansa ya raɗa masa zan canza saboda Baturiya?"

Ba ta faɗa, ba ta cirewa, ba ta canzawa. Sai na fito da hikimar da ta sa ake kirana Hajiya Kulu: duk abin da aka tambaye ki, ki karkata zuwa ruwan sama. A garin nan zancen ruwa ba ya ƙarewa, kuma ba ya da ɗan fari. Saudatu ta haddace jawabi guda a kan ruwan Manchester, yadda yake sauka da safe, yadda yake sauka da rana, yadda shanya ba ta bushewa. Ta iya shi har cikin barci, Zinatu ce shaida.

Mataki na Takwas: Ranar, ki tafi da rakiya

Ki sa atamfar da ta fi kowace tsada, in an kayar da ke a kayar da ke da mutunci. Ki isa da wuri. Mu mun isa tun mai shara bai gama ba.

Wurin wata tsohuwar kwaleji ce a bayan Oxford Road. Rabin ginin an kulle shi don kada a biya masa kuɗin wutar lantarki, saboda haka babban ɗaki ɗaya aka raba da allon katako, can jarrabawa, nan masu jira. Allon bai kai rufi ba. Ni na lura, Saudatu ba ta lura ba, don a lokacin ko sunanta aka tambaye ta sai ta duba kati. Kanumfari ya ƙare, tana ta motsa baki da ruwan sama.

Aka kira ta. Ta miƙe, ta dube ni ta ce, "Yaya, in na fito ban ci ba, kada ki yi mini magana a bas." Ta shige.

Ƙofa na rufuwa sai ga Ja'afaru ya sulalo ya zauna kusa da ni.

"Kai kuma daga ina?"

"Library na zo, Anti. Na ga hanya ce."

Laburaren da ke wancan ƙarshen titi. Na matsa masa.

Ta saman allo muna jin komai. Gaisuwa ta wuce lafiya, ba a durƙusa ba. Aka yi tambaya, ruwan sama ya sauka. Aka sake tambaya, ruwa ya ƙara sauka, har da iska. Ja'afaru ya dafe kai ya raɗa mini, "Anti, hanyar zuwa aiki aka tambaye ta." Na ce ai a hanyar ma ruwa ake yi.

Sai matar ta yi 'yar dariya, ta yi wata magana a hankali.

"Me ta ce?"

"Ta ce ruwan ya isa haka. Wai ta ba ta labarin mutum ɗaya a danginta da take alfahari da shi, da sunansa, da dalili."

Ba zan ɓoye miki ba, gyara zaman gyalena na yi. Wa ya kai ta Birmingham? Wa ya sa tabarau? Na kasa kunne ina jiran in ji "Kulu" ta hanci.

Shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji ƙarar agogon bango. Na san abin da ke tafiya a cikin shirun nan: kujera ce, da haya, da tukunya. Na fara karanto duk abin da ya zo bakina. Ja'afaru ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Matar ta sake maimaita tambayar, muryarta irin ta wadda ta fara rufe biro.

Sai muryar ƙanwata ta fito, siririya, tana rawa.

"Ja'afaru."

Ni dai salati na saki. Yaron da ke kusa da ni ya ɗago kamar an kira shi daga barci, har ya fara miƙewa zai amsa, na danne masa gwiwa.

Mataki na Tara: In bakin ya buɗe, kada ki rufe shi

Daga nan ba ni da abin koya miki, don ni ma 'yar kallo na zama. Saudatu ta fara da tuntuɓe, kalma ɗaya, shiru, kalma biyu. Sai abin ya ɓalle. Faransanci ya riƙa zubowa ta saman allon nan, karyayye, gurgu, wani wurin da Hausa a tsakiya, amma bai tsaya ba. Ban ji ko ɗaya ba sai abu biyu. Na ji sunan Maharazu sau ɗaya. Na ji "Ja'afaru" ya fi a ƙirga, kamar mai biyan azumin da ta sha.

Na zunguri yaron. "Fassara mini mana! Me take cewa?"

Idonsa na kan allo, bakinsa a ɗan buɗe.

"Kai da kai nake!"

"Anti, please," ya ce. Ya ja hular rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi.

Matar ta yi ƙoƙarin tsayar da ita, na ji ta fara godiya har sau biyu, Saudatu ta bi ta kai ta wuce. Ni da ban fahimci komai ba sai ga ni ina share ido da bakin gyale, ina jin daɗi, ina kuma jin haushin ba ni aka ambata ba.

Da ƙofa ta buɗe ta fito tana haki, fuskarta sharkaf. Ta gan ni. Ta ga wanda ke kusa da ni. Ta ɗaga kai ta dubi inda allo ya tsaya, ta dubi rufi, ta auna tazarar da ke tsakani. Na ga lokacin da lissafin ya shige ta. Da ƙasa tana da ƙofa da ta shige.

Ta gyara mayafi, ta tsare ni da ido kamar mu biyu ne kaɗai a duniya.

"Yaya, ki ce wa yaron nan ya zuge rigarsa, ana sanyi."

Na juya zan isar, sai na tarar ya riga ya zuge. A bas suka zauna kujera ɗaya, ni a bayansu. Wajen unguwar Rusholme ya yi wata gajeriyar magana da Faransanci yana kallon gaba. Ita kuma ta amsa tana kallon taga. Ba wanda ya nemi in kai saƙo.

Sakamako ya fito bayan 'yan makonni. Ta ci, da ƙyar, irin cin da ake shafa kai a ji ko yana nan. Rebecca ta bar mata kujerarta. Yanzu in kin je cibiyar za ki same ta tana yi wa matan Kwango bayani da hanci da hannu da ido, suna fahimtar juna sarai.

Gargaɗi, don kada gobe a ce Kulu ce

Na cika alkawari, saura ki ji iyakata. In kin bi matakan nan kika kamu da mura, tsakaninki da GP. In kika je Birmingham kika dawo da shito ba karatu, ki ci abinki ki yi shiru. In matan unguwa suka yi miki addu'ar haihuwa kuma ta karɓu, ba da ni aka yi ba. In kika faɗi, wani matakin kika tsallake. In bakinki ya suɓuce a ɗakin da allonsa bai kai rufi ba, kika faɗi abin da kika shekara ashirin kina haɗiyewa, kada ki zo mini da ƙorafi, ni ruwan sama na ce ki yi.

In kuma ke ce yayar, ki sani hanyar nan tana cin mai ita. Wayata ta yi shiru yanzu. Uwa da ɗa sun samu yaren da kunya ba ta iya ba, a gabana suke yinsa, ni da na goya shi. Ina murna har zuciyata, kuma yana yi mini ciwo, duka biyun gaskiya ne.

Kada ki aiko kina tambayata abin da ta faɗa a bayan allon nan. Ban sani ba. Ita in na tambaye ta sai ta tashi ta kama wanke-wanke. Shi kuma murmushi yake yi ya ce, "Anti, zancen ruwan sama ne kawai." Ƙarya yake yi. A Manchester aka haifi yaron nan, ruwan sama bai taɓa sa shi kuka ba.